Danna, Kada Ka Leƙa

Rubuta, jikalle, ki daina tauna murfin biro. Wanda ya fara gaya mini cewa akwai wani ilimi wai shi taimakon farko, wan kakarki ne, wanda kuka taso kuna kira Mai Akwati. Kafin shi, abin da na sani shi ne in mutum ya yanke a barbaɗa masa garin katako, in ya ƙone a shafa masa baƙin mai, in ya suma a kwara masa ruwa a yi ta kiran sunansa kamar wanda ya yi nisa. Da haka muka rayu, waɗanda suka rayu ɗin.

Ke kin same shi ya tsufa ya ranƙwafa. A lokacin da nake ba ki labari, in ya tsaya a ƙofar shagonmu sai duhu ya rufe mu. Shagon kafintoci ne, dogo, rufin kwano, injin yanka katako a can ƙurya, famfo a bakin ƙofa. Shi aikinsa ɗauka da saukewa, da riƙe abin da mutum biyu ba za su riƙe ba. Ni kuma Ƙusa ake ce mini, ba sai na faɗi dalili ba, ga ƙafafuna kina gani.

To mutumin nan yana da wani ciwo guda da yake ɓoyewa. Kakarki ce ta tsegunta mini tun muna sabon aure, bayan ta sa na yi rantsuwa. Ta ce, "Yayan nan nawa da kake gani kamar bango, in ya ga jini faɗuwa yake." Wai ranar da haƙorinsa na fari ya fita ya duba yatsa ya ga ja, sai a bayan randa aka tsince shi. Ya girma ya yi gemu, amma duk ranar da za a yanka kaza a gidansu sai ya tuna akwai wanda bai gaisar ba a ƙarshen layi. Ya gwammace a ce masa ɓarawo da a san wannan.

Ana nan sai aka aiko wa Maigida, mai shagon, cewa duk wurin da ake aiki da inji dole a tura mutum ɗaya ya koyo taimakon farko. Maigida ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, kowa hannunsa na kan aikin da ba a so ya tsaya. Idonsa ya sauka a kan Yaya, don haka ni ma nake kiransa.

Ya ce, "Kai za ka je. Ko ba ka koyo komai ba, dama ka iya ɗaukar mutum."

Na ga Yaya ya buɗe baki, ya dube mu, ya rufe. In ya ce a'a, sai an tambaye shi dalili.

Wata nas ce ke koyarwar, a wani ɗaki na asibitin unguwa, kuma da hotuna take yi, manya masu launi. Daga baya ya gaya mini tana ɗaga na farko ya runtse ido, bai ƙara buɗewa ba har aka tashi. Mutane na cewa gani ya kori ji. Shi a wurinsa ji ne ya kori gani. Sauran suna kallon hoto suna kama baki, shi kuma duk kalmar da ta fito daga bakin matar nan sai da ta samu wurin zama a kansa. Da aka zo tambayoyi, ya mayar mata da karatunta kaf, har da tarin da ta yi a tsakiya.

Ya dawo da farin akwati mai maɗauri, cike da bandeji da auduga da filasta da almakashi. Ya kuma dawo da wani abu a saɓe: mutum-mutumin roba, kai da ƙirji kawai, ba hannu ba ƙafa, baki a buɗe kamar an ba shi labarin mamaki. A kansa ake koyon danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya. Nas ɗin ta ba shi aro saboda ƙoƙarinsa, ta ce, "Ka koya wa abokan aikinka. Ranar da ka gama koya musu, ka dawo mini da shi." Ki ja layi a ƙarƙashin wannan maganar, za mu dawo mata.

Da yake shago ya tashi a ranar, gida ya nufa da shi, ya lulluɓe shi da zane don ƙura. Matan layinsu suka ga ƙato ya shigo da mutum a kafaɗa, a lulluɓe, ba motsi. Kafin ya sha ruwa an fara sallama ana tambayar yaushe abin ya faru. Matarsa, wadda harshenta ya fi zartonmu kaifi, ta yaye zanen ta ce, "Ga mamacin nan, ku yi masa addu'a, amma ba a dafa komai ba." Ita ce ta sa masa suna Baƙo, sunan kuma ya bi shi.

Washegari da safe ta fito ta tarar da Yaya a durƙushe a tsakar gida yana bubbuga kafaɗar roba yana cewa, "Bawan Allah, kana ji na? Lafiya kake?"

Ta ce, "Tunda ka auro ni ban taɓa jin ka tambayi lafiyata da wannan muryar ba. Ashe sai an cire wa mutum hannu da ƙafa."

Ya ce, "Haka aka ce a fara. In bai amsa ba a duba numfashi."

Ta ce, "To ni ma daga yau na daina amsawa."

Baƙo ya koma shago, aka ba shi wuri a saman wani tsohon kabad. Yaya kuma ya zama Mai Akwati, har Maigida ya daina aikensa sayo ƙusa. Ki ga yadda yake tafiya da akwatin nan a rataye. Mutumin da bai taɓa samun wanda ya tambaye shi ra'ayinsa ba sai a kan nauyin katako, yanzu daga shagunan maƙwabta ake zuwa kiransa.

Kuma in dai ba jini, ba a kai shi zafin nama ba. Ranar da tukunyar gam mai tafasa ta kife wa Mai Fenti, mai yi mana fentin kaya, a hannu, kafin ka ce kwabo mutane sun taru, kowa da maganinsa. Makaniken layinmu ya kawo baƙin mai, wani ya kawo man goge baki, mai kanti ya kawo ƙwai. Yaya ya ratsa su, ya ja Mai Fenti zuwa famfo, ya zare masa zobe tun kafin yatsa ya kumbura, ya sa hannun a ƙarƙashin ruwa ya riƙe.

Mai Fenti ya ce, "Ya isa haka."

Ya ce, "Bai isa ba. Wutar tana ciki tana ci."

"Ƙafata ta gaji."

"Ƙafarka ba ta ƙone ba."

Sai da suka daɗe a nan har masu kallo suka gaji suka watse, sannan ya rufe wurin da tsumma mai tsabta, ya ce kada wanda ya fasa ƙurjin, ya tura shi asibiti. Man ya mayar wa makanike, ya ce a ba mota. Ƙwan kuwa ya riƙe. Ya ce ƙwai magani ne, amma ta ciki yake aiki.

Ranar da ya fi samun suna ita ce ranar da Maigida ya shaƙe. Yana cin nama yana yi mana faɗa a lokaci ɗaya, sai faɗan ya tsaya. Muka ɗaga kai don ba mu saba ba. Ga shi ya riƙe wuya, ido ya fito, ba tari ba magana. Wani ya ruga ɗebo ruwa. Yaya ya ce kada a ba shi, ya sunkuyar da shi gaba, ya ɗaga tafin hannun nan nasa mai kamar faranti ya sauke masa tsakanin kafaɗu. Ya ƙara. Ya ƙara. Tsokar ta yi tsalle ta faɗa cikin garin katako. Maigida ya ja numfashi ya ce, "Na gode." Duk shagon babu wanda bai yi fatan da shi ne ya samu wannan damar ba. Mai Fenti ya ce shekara da shekaru yana mafarkin dukan mutumin nan, ga wani ya yi har an gode masa.

Amma shagon kafinta ne, jikalle. Abin da ya fi yawa shi ne yanka. Nan ne dabararsa take. Da zarar ya ji an ce wash, kafin ya ga komai ya dire akwati a ƙasa, ya tura shi da ƙafa, ya nufi ƙofa ya tsaya ya ba mu baya, ya baza hannuwa.

Sai ya ce, "Ni zan tare mutane. Mai rauni yana son iska."

Ko da kuwa babu kowa a layin sai akuya. Daga nan, fuskarsa na kallon titi, zai fara ba da umarni. "Wanke hannunka in da hali. Akwai wani abu a cikin raunin? In akwai, kada ka zare, danna gefe da gefe. In babu, ɗora tsumma mai tsabta ka danna. Ɗaga hannun sama. Danna, kada ka leƙa."

Wanda ke dannawa zai ce, "Bari in ga ko ya tsaya."

"Kada ka leƙa. In ka ɗaga, ka kwance abin da jini ya fara ɗaurawa. In ya jiƙe, ɗora wani a kai. Danna, kada ka leƙa."

Maganar gaskiya ce, haka nas ta koya masa. Sai dai ban taɓa ganin dokar da ta yi wa mai ita daidai kamar wannan ba, kamar tela ya gwada shi kafin ya ɗinka. Da haka kowa a shagon ya iya tsayar da jini, ya iya naɗa bandeji, ya san mai haɓo gaba yake sunkuyawa ya matse hanci, ba baya ba. Duk mun iya da hannunmu, don hannun Mai Akwati kullum yana can yana tare akuya.

To, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Wata rana da tsakar rana Maigida da sauran sun tafi kai kujeru, Mai Fenti ya fita cin abinci, daga ni sai Yaya. Muna jan wani babban kabad mai ƙofar gilashi, ƙafar kabad ɗin ɗaya ta karye. Ya taho mini. Na faɗi, gefen kabad ɗin ya danne mini hannun hagu, gilashin ya fashe ya tsaga mini na dama, nan, kin ga tabon. Jini ba tsiyaya yake ba, tsartuwa yake.

Yaya bai ga komai ba tukuna. Yana jin ƙarar ya dire akwati, ya nufi ƙofa, ya baza hannuwa.

Ya ce, "Ƙusa, akwai gilashi a ciki?"

Na ce, "Babu, Yaya."

"To ɗora tsumma ka danna."

"Da wane hannun?"

Na ce masa ɗaya yana ƙarƙashin kabad, ɗayan kuma shi ne mai raunin. Ya leƙa titi dama da hagu, ya ƙwala wa Mai Fenti kira, ya kira makanike. Rana ta take, kowa ya shige inuwa. Ranar ko akuyar ba ta zo ba.

Ya ce, "Yana tsiyaya ne ko yana tsartuwa?"

Na ce, "Ya kai bango."

Na ga bayan wuyansa ya jiƙe. Ni kuma na fara ganin rufin kwano yana nisa. Ban ce masa ya zo ba, don na san abin da nake nema a wurinsa. Sai kawai na ga ƙaton nan ya fara tahowa da baya da baya, yana lalube da ƙafa.

Ya ce, "Yi mini jagora."

Haka na zama yaron mota ina kwance. "Taho. Taho. Yanke hagu, akwai benci. Miƙe. Akwati na bayan ƙafarka. Tsaya." Ya tsuguna ya lalubi akwati, ya ciro tsumma, ya juyo ido a runtse kamar mai wanka da sabulu. Na ce ƙasa kaɗan, gaba kaɗan. Ya samu wurin. Ya ɗora, ya haɗa hannu biyu ya danna, har na ji ƙashina ya gaishe shi.

Abin da bai lissafa ba shi ne jini ba ido kaɗai yake shiga ba. Ɗuminsa ya ratsa tsumman ya kai masa yatsu. Na ga leɓensa ya yi fari. Duk da haka ya laluba ya ɗora wani tsumman a kai, bai ɗaga na farko ba.

Ya ce, "Ƙusa, zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba."

Na ce, "Na sani, Yaya."

"Ka san me?"

"Ƙanwarka ta gaya mini. Haƙori, da bayan randa."

Mamaki ne ya buɗe masa ido. Mutumin da ya shekara yana hana mutane leƙe, ya leƙa. Ya ce, "Af," a hankali, kamar wanda ya tuna ya bar ƙofa a buɗe. Sai ya taho gaba ɗayansa ya kife a kan hannuwansa, hannuwansa a kan tsumma, tsumma a kan raunina.

Kada ki rubuta cewa haka ake yi. Ba haka ake yi ba. Amma ki rubuta cewa ko ɗigo bai ƙara fita ba. Ina jin jinin da kansa ya duba abin da ke samansa ya haƙura.

A haka Mai Fenti ya dawo yana sakace ya same mu, kabad a kaina, Yaya a kaina. Ya tsaya ya ce, "Wanne zan fara ɗagawa?" Na ce kada ya taɓa Yaya sai ya shirya hannunsa. Ya kira makanike, suka ɗage kabad, suka mirgina Yaya, Mai Fenti ya maye gurbinsa nan take ya danna, ya naɗe da bandeji, ya ɗaga mini hannu sama, ba wanda ya gaya masa. Makanike ya ɗebo ruwa zai ɗura wa Yaya a baki. Ni da ke kwance na ce a'a, wanda ya suma ba a ba shi ruwa, a duba yana numfashi, a kwance masa wuyan riga, a ɗaga ƙafafunsa. Suka duba abin da za su tokare ƙafafun da shi, ba su ga komai kusa ba sai Baƙo. Haka Yaya ya farfaɗo ya ga dugadugansa a kan ƙirjin ɗalibinsa.

A asibiti aka ɗinke ni. Mai ɗinkin ya ce wanda ya danne wurin nan ya danna da gaske. Na ce da dukkan jikinsa ma.

Washegari na zo shago hannu a rataye. Yaya ya shigo bai gaida kowa ba, ya cire akwatin daga kafaɗa ya ajiye a gaban Maigida. Ya tsaya kamar mai jiran hukunci.

Ya ce, "Maigida, a ba wani. Ni ban cancanta ba. Na daɗe ina ɓoye muku wani abu. Ni in na ga jini..."

Maigida ya ce, "Faɗuwa kake. Sai me?"

Yaya ya juyo ya dube ni. Na ce wallahi ban faɗa ba.

Mai Fenti ya ce, "Mai Akwati, kai a tunaninka me ya sa duk ranar da zan yi jan fenti nake kwashe kayana in koma bayan shago, cikin rana? Tun ranar da gwangwani ya zube ka zauna a kan ƙusoshi ba ka ji ba muka gane."

Makanike da ke bakin ƙofa ya ce, "Mu ma a layi mun sani. In mun ga ka fito ka baza hannu, sai mu ce wani ya yanke a shagon kafintoci."

Yaya ya ce, "Matata fa?"

Maigida ya ce, "Ita ta zo ta roƙe ni kada in taɓa sa ka kusa da inji."

Ban san ko kunya ce ta fi masa yawa ko haushi ba, na shekarun da ya yi yana gadin ƙofar da kowa ke da mabuɗinta. Maigida ya tura masa akwatin da yatsa ya ce, "Ɗauki kayanka. Jiya ba ka nan, ka tafi inda masu suma ke zuwa, amma aikin bai tsaya ba. Wa ya koya musu? Ni dai bayana bai manta da kai ba."

Ya ɗauka ya rataya. Daga ranar bai ƙara cewa zai tare mutane ba. In an yanke, sai ya ce, "Ku ba ni wuri in juya," a ba shi wuri, ya juya, ya fara karatu. Har ya tsufa ya bar aiki haka yake, kuma yaran da suka koyi sana'a a shagon nan suka buɗe nasu, duk inda suke za ki ji suna cewa danna, kada ka leƙa, wasu ba su ma san daga inda maganar ta fito ba.

Saura Baƙo. Sau da yawa Yaya yakan sauko da shi ya goge shi ya ce gobe zai mayar. Gobe na yi sai a kawo sabon ɗan koyo. Sai ya ce, "Cewa ta yi ranar da na gama. Ga wannan bai iya ba, ina na gama?" Da ya bar shago ya tafi da shi gida, ya koma kan maƙwabta da surukai da masu kawo gyaran kujera. Matarsa ta ce Baƙo ya fi wasu 'yan gidan daɗewa, ya kamata a fara sa shi a rabon gado.

Da ciwonsa na ƙarshe ya yi nauyi na je duba shi. Ya sa aka jawo Baƙo daga ƙarƙashin gado, roba ta yi baƙi, hanci ya lotse. Ya ce, "Ƙusa, kayan aro ne. Ka mayar wa nas, ka ce mata na gode, ka ce ban gama da wuri ba ne."

Na ce, "Yaya, matar nan ko tana da rai?"

Ya ce, "Ka je ka duba numfashi."

Allah ya jiƙansa, dariyar da muka yi ta ƙarshe ke nan.

Kin san buhun nan da ke bayan ƙofar ɗakina, wanda kakarki ta hana ku taɓawa? To shi ne. Na yi niyyar kai shi, har na tambayi inda asibitin ya koma. Amma ɗazu da ƙaninki ya yanke da gwangwani, ina kallonki kina ɗaga tsumma kina leƙawa. Ajiye biron. Je ki jawo buhun, ki wanke hannu, ki zo ki durƙusa nan. Nas ta ƙara haƙuri.